Makin Shekara Uku

Yawancin iyaye sun ɗauka cewa sakamakon WAEC a zauren jarrabawa ake samunsa, cikin 'yan makonnin nan da yaro ke fita da biro da katin shaida, ya dawo yana cewa ta yau ta yi zafi ko ta yi sauƙi. Gaskiyarsu ce, amma sun bar kusan sulusin maganar a baya. Kashi 70 cikin 100 ne kawai ke fitowa daga abin da ɗalibi ya rubuta a zaure. Sauran kashi 30 makaranta ce ke kawo shi, daga makin da ta ce yaron ya tara tun daga aji huɗu har zuwa aji shida. Malamai na kiransa C.A., wato awon fahimta da ake yi a kai a kai: gwajin tsakiyar zango, aikin gida, aikin ɗakin gwaje-gwaje, da jarrabawar ƙarshen zango. NECO ma tana neman irin wannan maki kafin ta karɓi ɗalibi. Ke nan kafin yaro ya buɗe takardar tambayoyi, an riga an rubuta wani yanki na sakamakonsa a ofishin makarantarsu, da hannun mutanen da suka san shi da suna.

Ba haka abin yake a da ba. Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1960 da 1970 shekara biyar suke yi, sannan su zauna jarrabawa guda, wadda ita kaɗai ke yanke hukunci. Wanda zazzaɓi ya kwantar a wannan mako, ko aka yi masa rasuwa, shekara biyar ɗinsa ta tafi. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ita ce ta zo da tsarin 6-3-3-4, aka fara aiki da shi a 1982, aka raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, kowace shekara uku. A 1988 aka yi jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko. Tunanin da ke bayan wannan sauyi mai kyau ne, kuma har yau ina ganin kyansa: kada a auna ɗan Adam da rana ɗaya. A bar shi ya riƙa zubi kamar na adashi, zango bayan zango, ranar kwasa ya tarar da abin da ya zuba. Sai dai tsarin ya ɗora wa makaranta amanar da ba ta saba ɗauka ba. A da aikinta koyarwa, hukumar jarrabawa ta yi awo. Yanzu ita ce mai koyarwa, ita ce kuma mai ba da shaida a kan abin da ta koyar.

Mu ɗauki makarantar jeka-ka-dawo a gari irin Kurya Madaro, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙaura Namoda a Jihar Zamfara, mu bi yadda ake riƙe wannan amana. Farkon aikin tun ranar da yaro ya shigo aji huɗu ne, lokacin da za a raba ɗalibai: wannan kimiyya, wannan adabi da zamantakewa, wancan kasuwanci. Manhajar da hukumar NERDC ta fara aiki da ita a 2011 ta wajabta wa kowa Turanci da Lissafi da ilimin zama ɗan ƙasa da sana'a guda daga cikin 34, sannan ya cika da darussan fanninsa, duka-duka kada su gaza takwas, kada su wuce tara. A takarda ɗalibi ne ke zaɓa. A makarantar ƙauye kuwa malaman da ake da su ne ke yin zaɓin. In babu mai koyar da Fiziks, to ajin kimiyya suna ne kawai; in mai koyar da ilimin gona shi kaɗai ya san wani abu a kan sana'a, to duk makarantar kiwon dabbobi za ta yi. Kuskuren da aka yi a wannan rana ba ya bayyana sai bayan shekara uku, lokacin da yaro ya je neman gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau, a ce masa kiredit ɗinsa biyar sun cika amma babu darasin da kwas ɗin yake bukata.

Daga nan sai takardu. Mutumin da bai taɓa aikin makaranta ba zai yi mamakin yawansu, kuma kowace da abin da take tsarewa. Akwai rajistar shiga, inda ake ba yaro lamba ranar da ya zo, lambar da za ta bi shi har ya fita. Akwai rajistar kiran suna a hannun fom masta, safe da rana. Akwai dayari, littafin da aka raba manhajar kowane darasi mako-mako. A ƙarshen mako malami ya rubuta abin da ya koyar a zahiri, shugaban sashe ya duba, mataimakin firinsifal mai kula da karatu ya sa hannu. Akwai shirin darasi da malami ke rubutawa kafin ya shiga aji. Akwai takardar maki ta kowane darasi, sannan babbar takarda da ake tattara makin dukan aji a kai, wadda daga ita ake cike katin sakamakon da yaro ke kaiwa gida. A yawancin makarantu gwaje-gwajen zango na ɗaukar maki 30 ko 40, jarrabawar ƙarshe ta ɗauki sauran. A gefen katin kuma akwai wurin da ake auna hali da aikin hannu: zuwa da wuri, tsabta, ladabi, iya rubutu, wasanni.

Amfanin waɗannan takardu shi ne kowace tana iya ƙaryata 'yar'uwarta. In takardar maki ta ce yaro ya ci 18 cikin 20 a gwajin mako na shida, rajistar kiran suna kuma ta nuna bai zo ba duk makon saboda ana cirar gyaɗa a gonarsu, to akwai tambaya. In dayari ya ce an gama darasi kaza, amma babu alamarsa a littafin ko ɗalibi ɗaya, akwai tambaya. Mataimakin firinsifal da ya san aikinsa ba ya tsayawa ga sa hannu. Yakan shiga aji ba sanarwa, ya ce yara biyar su miƙo littattafansu, ya buɗe su kusa da dayari. Wannan ɗan aiki, da ba ya cin kwabo, shi ne ainihin sa ido a kan karatu, ya kuma fi tarurruka da yawa amfani.

Kalandar gari ma tana da hannu a ciki. Zangon farko yana faɗowa cikin kaka, lokacin girbin gero da wake da gyaɗa, zango na uku kuma yana tarar da shuka da noman fari. Ranar kasuwa aji kan rage. Firinsifal mai hankali yana sa gwajinsa a ranakun da ya san yara za su zo, ya kuma ware rana ta biyu ga waɗanda uzuri ya hana. Wanda bai damu ba sai ya bar gurbin a buɗe, ranar tattara maki a cike shi da ka.

A kan jami'in jarrabawa komai ke taruwa. Shi ne ke ɗaukar makin aji huɗu da na aji biyar da na aji shida ya shigar a shafin hukumar jarrabawa ta intanet, shi ke kula da hoton kowane ɗalibi, da rubutun sunansa, da ranar haihuwarsa, da darussan da aka yi masa rajista. Harafi ɗaya da ya kuskure a sunan yarinya zai iya sa ta yi shekara tana zirga-zirga tsakanin makaranta da ofishin hukumar. WAEC ta matsa a kan shigar da makin shekarun farko tun da wuri ne domin ta toshe wata ƙofa da aka daɗe ana bi: yaro ya yi aji huɗu da biyar a makarantarsu, ya ɓace, ya ɓullo a aji shida na wata makaranta mai nisa inda aka san ana rubuta amsa a allo. In sunansa da makinsa suna ajiye tun daga aji huɗu a makarantar farko, ɓullowar tasa a wani wuri sai da bayani. Hukumar kuma ba ta karɓar makin makaranta ido rufe. Tana gwada shi da abin da ɗaliban makarantar suka yi a zaure, ta daidaita. Makarantar da ta ba kowa maki kusan cikakke ba ta taimaki kowa ba, ta dai shafe bambancin da ke tsakanin mai ƙoƙari da wanda bai yi ba.

Darussan kimiyya suna da nasu nauyin daban. Kafin jarrabawar gwaji da hannu, hukumar kan aiko wa makaranta umarni a asirce: a tanadi sinadari kaza mai ƙarfi kaza, a tanadi ganye kaza ko ƙwaro kaza ko ƙashi kaza. A Kemistiri malamin da kansa zai yi gwajin ya rubuta adadin da ya samu, da shi za a auna na ɗalibai. Yaron da bai taɓa riƙe kwalbar awo ba sai ranar jarrabawa, hannunsa rawa zai yi, ko da ya haddace littafin daga bango zuwa bango. Shi ya sa hukumomin jarrabawa ke duba ɗakin gwaje-gwaje da zaure da malamai kafin su amince makaranta ta zama cibiya. Kowa a harkar ya san labarin aron kayan aiki daga makarantar maƙwabta ranar da masu dubawa za su zo, a mayar washegari. Abin yana ba ni takaici, domin wanda aka yaudara a nan yaron ne, ba hukumar ba.

Duk wannan tsari an gina shi ne a kan zato guda: cewa za a yi zango tara, ɗaya bayan ɗaya, a makaranta ɗaya, da malamai da takardu a wurinsu. A arewacin Zamfara wannan zato ne ya karye.

Dubi ɗalibin da ya shiga aji huɗu a ƙarshen 2019, wanda ya kamata ya gama a tsakiyar 2022. Ya shigo ne 'yan watanni bayan harin da aka kai makarantar 'yan mata ta Moriki a Ƙaramar Hukumar Zurmi, a watan Mayu na 2019, inda aka tafi da wasu ma'aikata. Zangonsa na biyu bai ƙare ba cutar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar a watan Maris na 2020, ba a koma ba sai a watannin ƙarshe na shekarar. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Talata Mafara, gwamnati ta rufe makarantun kwana. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekara aka sace ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, aka rufe dukan makarantun jihar. Cikin kwanakin nan aka katse layukan waya da intanet a faɗin Zamfara, aka hana cin kasuwannin mako, kasuwar Shinkafi da ake zuwa daga nesa ita ma ta tsaya. Sai a watan Janairu na 2022 aka fara buɗe wasu makarantu, da dama kuma suka ci gaba da zama a kulle, aka kwashe ɗalibansu zuwa garuruwan da ake ganin sun fi tsaro. Da lokacin WAEC ya zo a watan Mayu, shugaban hukumar a Nijeriya a lokacin, Patrick Areghan, ya bayyana cewa jihohin Zamfara da Sakkwato ba su gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati ba. A Zamfara bashin kuɗin jarrabawa ne ya yi katutu. A Sakkwato, kamar yadda jaridu suka ruwaito, saɓanin ya shafi shigar da makin C.A. ɗin nan da muke magana a kai.

To a irin wannan hali, me jami'in jarrabawa zai shigar? Shafin intanet ba ya da gurbin da za a rubuta cewa zangon nan ba a yi shi ba, gari ya watse. Lamba yake so. Ga yara a gabansa da ya san iyayensu, ga uba ya zo har gida da dare yana cewa, «Malam, don Allah a taimaka a cike mashi, kak ya rasa shekara.» Ga wata yarinya da ta zo daga ƙauyen da aka tasa, makarantarsu a rufe, takardunta suna can cikin ofishin da ba mai iya zuwa. Ga shi kansa sai ya hau mota ya tafi inda ake samun sabis kafin ya shigar da ko suna ɗaya, a kan hanyar da kowa ke addu'a kafin ya bi. Ban ga yadda mai adalci zai zauna a Abuja ko Legas ya kira wannan malami maƙaryaci ba. Amma kuma ba zan ce lambar da aka ƙirƙira ta zama gaskiya don an ƙirƙire ta da tausayi ba. Illarta ba ta tsayawa ga shekarar. Malamin da ya ga an cike makin zangon da ba a yi ba kuma ba abin da ya faru, badi da zaman lafiya ma zai yi wuya ya ɓata dare yana duba takardun gwajin yara tamanin. Ɗalibi ma yana gani. Da zarar ya gane cewa makin zai zo ko ya yi aikin gida ko bai yi ba, an gama da aikin gida.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma malamai na ƙwarai sun san ta. In zango ya salwanta, a rubuta a littafin tarihin makaranta cewa ya salwanta, da ranar rufewa da ranar buɗewa. In aka dawo, a zaɓi ginshiƙan darasin da ba a yi ba a koyar da su, ko da yamma ko ranar Asabar, a yi gwaji na gaske a kansu, a shigar da abin da ya fito. Ɗalibin da ya zo ba takarda a yi masa gwajin karɓa, a ajiye takardar amsarsa a fayil. Makin zai yi ƙasa, amma yana da asali, kuma malamin aji shida zai san inda zai fara. Abin da ya rage shi ne ma'aikatar ilimi ta tsaya wa firinsifal da ya yi haka, kada a kira shi ofis a tambaye shi dalilin da ya sa makarantarsa ta fi kowace faɗuwa.

Nan ne maganar masu duba makarantu ta shigo. Tsofaffin malamai suna tuna zuwan sufeto, yadda zai zauna a bayan aji ya saurari darasi, ya bi rajista shafi-shafi. Gwamnatin tarayya ta kafa nata sashen dubawa a 1973, yanzu kuma an sauya wa aikin suna zuwa tabbatar da inganci, jihohi suna da ofisoshin shiyya, an kuma samar da hukuma ta musamman mai kula da manyan sakandare, NSSEC. Sunaye sun ƙaru. Amma mai dubawa sai ya isa makaranta kafin ya duba ta, kuma makarantar da ta fi bukatarsa ita ce wadda hanyarta ta fi haɗari. Abin da kan faru shi ne a ce firinsifal ya kawo takardunsa ofis. Takarda a ofis kullum lafiyarta ƙalau, tunda ba yaro a kusa da za a ce ya miƙo littafinsa. Inda sufeto ba ya iya zuwa, akwai waɗanda suke nan kullum: kwamitin gudanar da makaranta, ƙungiyar iyaye da malamai, tsofaffin ɗalibai, malaman da suka yi ritaya suka dawo gida. Ba sai mutum ya san Kemistiri ba kafin ya tambaya sau nawa aka yi gwaji a zangon nan, kuma ina takardun da aka duba.

Ranar jarrabawa kanta tana da nata tsarin tsaro. Babban mai sa ido daga wata makaranta ake turo shi, malaman gida su taya shi. Takardun tambayoyi ba sa kwana a makaranta. Kowace safiya sai ya je inda aka ajiye su ya karɓo, in an gama ya mayar da amsoshi a rufe. A Kano ko Zariya wannan tafiyar minti kaɗan ce a babur. Tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi ko Shinkafi wata magana ce daban, shi ya sa ake tattara ɗaliban makarantu da yawa a cibiya ɗaya a cikin gari, zaure ya cika maƙil, sa ido ya yi wuya. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, WAEC kuma tana soke sakamako, tana janye amincewarta daga makaranta. Hukuncin yana da amfani, amma yana zuwa ne a ƙarshe. Yaron da aka koya wa rabin manhaja aka sa shi gaban tambayoyin da aka ɗebo daga dukanta, an riga an tura shi bakin satar amsa tun kafin ya yi niyya.

Batun bashin kuwa laifin manya ne tsantsa. Gwamnatocin jihohin Arewa da dama sun ɗauki alkawarin biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa, Kano ma har jarrabawar tantancewa take yi a aji biyar don zaɓen waɗanda za ta biya wa. Alkawari ne mai kyau in an cika. In ba a cika ba, hukumar ta riƙe sakamako, sai yaron da ya yi zubinsa na shekara uku, ya zauna zaure, ya ci, ya zauna gida ba takarda, tsararsa na wasu jihohi suna aji biyu a jami'a. 'Yan mata da yawa a irin wannan jira ake yi musu aure, maganar karatu ta mutu. Bayan Gwamna Dauda Lawal ya hau mulkin Zamfara a 2023 ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, gwamnatinsa ta kuma sanar da biyan bashin biliyoyin naira da WAEC da NECO ke bin jihar, aka saki sakamakon da aka riƙe. An yi abin da ya kamata. Shekarun da aka zauna dai ba a biya su ba, kuma ba za su biyu ba.

Yanzu ga sababbin sauye-sauye sun taso. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage darussa, ta mayar da sana'o'i guda shida, cikinsu har da haɗa wutar sola da gyaran waya da ɗinki da kiwo, ta kuma ce WAEC da NECO su koma yin jarrabawa da kwamfuta. Sana'o'in sun dace da yankin. Yaron Kurya Madaro da ya iya haɗa sola ba zai rasa aiki ba. Amma duk sauyin manhaja yana tarar da wasu a tsakiyar hanya. Ɗalibar da ta yi aji huɗu da aji biyar tana tara maki a sana'ar da aka cire, a wane gurbi za a sa makinta, kuma wane maki za a sa mata a darasin da bai wuce wata uku da fara shi ba? Jarrabawa da kwamfuta kuma tana bukatar wuta, da na'urori da suka ishi ɗalibai, da yaran da suka saba da su tun aji huɗu. In ba a kawo su makarantar ba, sai dai a kwashi yaran a mota zuwa Ƙaura ko Gusau, kullum har jarrabawa ta ƙare, a kan hanyoyin da saboda su ne aka rufe makarantun tun farko.